Noti Huɗu da Noti Biyar

Motoci biyu ne a gidanmu na Nassarawo ranar da muka gudu daga Mubi, amma a cikin baro mahaifiyarmu ta ƙarasa tafiyar. Duk lokacin da na tuna sai fuskata ta canza. Mutane suna zaton kuka ne ke zuwa, ni kuwa na san haushi ne.

Mu uku Inna ta haifa. Babban muna ce masa Hamma, yadda maƙwabtanmu Fulani suke kiran babban wa, ko da yake kakanninmu fatauci ne ya kawo su daga ƙasar Katsina. Shagon atamfa gare shi a babbar kasuwa. Mai bi masa muna ce masa Yaya, shi walda yake yi da gyaran jikin mota. Ni ce auta, malamar firamare. Bayan rasuwar mijina na dawo gida na zauna da Inna, domin a lokacin hawan jini ya riga ya shanye mata ɓarin jiki na dama. Ba ta tafiya, ba ta zama sai an tokare ta da matashi, maganarta kuma sai wanda ya saba da ita yake ganewa.

Tun ina budurwa motocin nan suka shigo gidanmu, kuma tun a lokacin tsofaffi ne tukuf. Hamma ne ya fara. Ya je Garwa saro kaya, ya dawo da wata shirgegiyar motar Amurka, baƙa wuluk, ƙofa biyu, bonet ɗinta kawai ya isa a shanya barkono. Silinda takwas gare ta, kuma duk wanda ya gaisa da Hamma a shekarar nan sai ya ji wannan labari kafin ya ji lafiyar iyali. In an tayar da ita kwanonin Inna har rawa suke yi a kan kanta. Shekara ba ta zagayo ba Yaya ya jawo tasa da igiya daga bayan gidan wani tsohon Bature malamin makaranta da ya koma ƙasarsu. Ita ja ce, 'yar firit, kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, cikinta saura kaɗan ya taɓa ƙasa. In Yaya zai shiga sai ya tsuguna kamar mai shirin alwala.

Daga nan gardama ta samu wurin zama a gidanmu. Hamma ya ce mota ƙarfi ce, in ka taka totur ka ji ta manna ka da kujera, wannan abar ta Yaya kuwa takalmi ce aka sa wa taya. Yaya ya ce ƙarfi ba dabara ai aikin sa ne, motar Hamma in hanya ta miƙe ba mai kamo ta, amma a ba ta kwana ɗaya a gani in ba ta shiga gonar mutane ba. Tasa kuwa, in ji shi, tana jin maganar sitiyari tun kafin ka gama juya shi. Hamma ya ce a tasa mutum biyar za su zauna su miƙe ƙafa. Yaya ya ce mutum biyar ɗin su ne za su tura ta in mai ya ƙare, tunda daga gida zuwa kasuwa sai ta shanye abin da tasa za ta je Gombi da shi. Sun yi wannan magana a bikina, sun yi ta a sunan 'ya'yansu. Ranar sadakar ukun Baba da kunnena na ji su a zaure, ƙasa-ƙasa, suna yi a kan birki.

Abin dariyar shi ne ba a taɓa gwada su ba. Ko sau ɗaya ba su jera a hanya ba. Tun ana fita da su ranar Juma'a, aka koma sai da salla, daga baya ma aka daina. Kayan gyaransu babu a Mubi, babu a Yola, kowa yana tsoron abin da zai lalace. Abin da ya rage shi ne ɗumamawa. A wurin masu mota na garinmu, mota in ta kwana dole a tayar da ita da safe a bar injin ya yi zafi, ko da ba inda za ta. To 'yan'uwana sun riƙe wannan kamar farilla. Ana idar da sallar asuba, gari na fara haske, sai Hamma ya yaye tamfol ya ba tasa wuta, Yaya ya amsa masa da tasa. Wannan ta yi gurnani, waccan ta yi tsuwa, hayaƙi ya cika tsakar gida, ni ina ɗaki ina goge wa Inna jiki tana tari. Minti goma, a kashe, a rufe, kowa ya hau babur ya tafi neman abinci.

Hamma kuma ya ƙara da nasa salon. Tayoyin motarsa manya ne masu farin zobe a gefe, irin waɗanda ya ce ko a Legas sai an sha wahala. Wani mai faci ya gaya masa in mota ta daɗe a tsaye nauyinta yana cin taya, rana kuma tana tsattsaga ta. Sai ya sa jak ya ɗaga motar, ya ɗora ta a kan bulo, ya kwance tayoyin nan huɗu ya shafe su da mai, ya naɗe a buhu. Gida kuma bai amince da shi ba saboda ɓarayi da ɓeraye, don haka ya kai su shagonsa na kasuwa ya jera a bayan atamfofi. Shekara da shekaru motar nan tana ruri kowace safiya, ba ta da ƙafa ko ɗaya.

A daminar shekarar dubu biyu da goma sha huɗu garuruwan da ke arewa da mu suka fara faɗawa hannun masu bindiga ɗaya bayan ɗaya. Mutanen garuruwan suka gudo suka cika Mubi, wasu a makarantarmu suke kwana. Hamma da Yaya suka tura matansu da 'ya'yansu Gombe wurin dangi. Na ce a haɗa da Inna. Suka ce motar haya ta cika maƙil, ba za ta iya zaman ba, kuma ai gaskiya ne. Na ce to a ɗauki shata. Hamma ya dube ni kamar na zage shi.

"Shata? Da mota biyu a gidan nan? Ke auta, ki kwantar da hankalinki. Ranar da abu ya taso, minti goma na ɗaura taya, Inna ta kwanta a kujerar baya, kafin ki gama salati muna Yola."

"To Hamma, ka kawo tayoyin gida mana."

"Zan kawo."

Na faɗa da safe, na faɗa da yamma, na faɗa har bakina ya gaji. Kullum zai kawo. Wata rana ya ce ruwa bai ɗauke ba tukuna, laima za ta lalata su. Na je wurin Yaya na ce ya sa baki, shi kuwa ya yi dariya ya ce in bar Hamma da akwatin gawarsa, ai ga tasa nan a kan ƙafarta. Na ce tasa mai kujera biyu? Ya ce in ban san mota ba in yi shiru. Na yi shiru, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Ranar da masu bindigar suka shigo Mubi, da hantsi ne, a ƙarshen damina. Ina ba Inna kunu muka fara jin harbi daga nesa, kafin wani lokaci ya matso. Unguwa ta rikice, mata da goyo, maza da katifa a ka, kowa ya nufi kudu. Hamma ya hau babur zai je kasuwa ɗauko tayoyi, bai kai rabin hanya ba ya juyo, hularsa ma ta faɗi. Ta can ɓangaren harbin yake, ba mai iya kusantar wurin.

Maƙwabcinmu na jikin katanga yana da a-kori-kura da yake ɗaukar masara. Ya loda iyalinsa, sannan ya leƙo zaurenmu yana haki.

"Alhaji, ku kawo Mama! Akwai wuri a baya, mu shimfiɗa katifa ya kwanta. Yi sauri, ba zan tsaya ba."

Na riga na kama gefen katifar Inna. Hamma ya ɗaga mini hannu.

"Mun gode, Allah ya saka. Uwarmu ba za ta fita a bayan a-kori-kura kamar buhun masara ba. Muna da mota. Ku yi gaba, za mu wuce ku a hanya."

Mutumin ya dube ni, na dubi Hamma. Da na sa kururuwa, da na ciccibi Inna ni kaɗai na ja ta a ƙasa, da ya taya ni. Ban yi ba. An raine mu a kan cewa in babban wa ya yi magana a gaban baƙo ba a musa masa. Ina tsaye da gefen katifa a hannu na ji a-kori-kurar ta tashi ta bar layin.

Dabarar Hamma ita ce a kwance tayoyin motar Yaya a ɗaura wa tasa.

"Ba za su shiga ba," in ji Yaya. "Tawa noti huɗu ce, taka biyar."

"Ko rami biyu ya kama ai ya isa ya kai mu. Kwance!"

"Hamma, na ce maka ba za su shiga ba. Wannan aikina ne."

"Kai ka san mota ko ni? Yaushe ka fara ganin mota? Kwance na ce!"

Yaya ya yi wani murmushi da ba zan manta ba, ya ɗauko jak. Ya san ba za su shiga ba, ya sani sarai. Yana iya ɗaukar Inna a lokacin ya sa a tasa ya fita. Amma shekara ashirin yana jiran ranar da Hamma zai ga kuskurensa da idonsa, ga ranar ta zo, ba zai bari ta wuce ba. Ana harbi a gari, uwarsu tana kwance tana kiran sunan Allah da rabin baki, manyan maza biyu masu furfura suna durƙushe a tsakar gida suna gwada taya.

Notocin sun yi tsatsa, sai da aka yi ta bugu. Suka kwance ta farko suka kai jikin babbar. Hamma ya juya ta nan, ya juya ta can. In rami ɗaya ya hau, sauran sai su kauce. Ya ce wataƙila ta baya ta fi, suka kwance ta baya. Ita ma haka. Ya ɗauko guduma zai buɗa ramin, Yaya ya riƙe hannunsa ya ce in ya fasa masa wili sai sun kwana a nan.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Na faɗa maka."

A nan ne na fashe. Ban san lokacin da na wurga musu kwanon kunun ba. Na ce Allah ya isa tsakanina da ƙarafan nan, na ce in Inna ta mutu a gidan nan su suka kashe ta. Ban taɓa ɗaga wa Hamma murya ba sai ranar. Sai suka shiga mayar da tayoyin inda suka cire su. Kafin a gama an kusa azahar, layinmu ba kowa sai awaki.

Shigar da Inna motar Yaya wani tashin hankali ne. Kujerar tana can ƙasa, ƙofar ƙarama, ƙafarta ta dama ba ta lanƙwasuwa. Muka naɗe rufin muka zura ta ta sama, na ɗaure ta da ɗankwalina a jikin kujera don kada ta kife. Ta yi ƙara sau ɗaya, daga nan ta zuba mini ido. Rana tsaka, ba inuwa a kanta sai zanen da na yafa mata.

Babbar hanya ta riga ta zama ba ta biyuwa, waɗanda suka juyo daga can suka ce kada mu kuskura. Sai muka bi ayarin masu ƙafa ta hanyar ƙauyen Duvu, wajen duwatsu. Yaya yana tuƙi, ni da Hamma muna biye a ƙasa, kuma ba mu sha wahalar bin ta ba. Motar da aka ce tana tashi kamar tsuntsu, ga ta a tsakiyar mata da tumaki tana tafiyar tsohuwa. Hanyar ta ƙasa ce, ruwan damina ya zaizaye ta, kowane rami sai na ji cikin motar ya gurji ƙasa, kan Inna ya bugu da ƙofa. Na riƙa tafiya a gefenta hannuna a kan kuncinta.

Da muka iso mayo, wato rafin da ke kan hanyar, ruwan bai kai gwiwa ba, amma ƙasansa duwatsu ne. Wani manomi da ke taya mutane tsallakar da kaya ya ɗaga wa Yaya hannu.

"Oga, wannan mota ba zai wuce ba. Ya yi ƙasa da yawa. Ku sauke Mama tukuna."

Yaya ya ce ya san motarsa. Ya ja baya kaɗan ya taka. Muka ji ƙara kamar an fasa tulu, motar ta tsaya cak a tsakiyar ruwa, baƙin mai ya fara bin rafi. Ya murza makulli ya murza, ko tari ba ta yi ba.

"Da tawa ce," in ji Hamma, "da tsalle ɗaya..."

Bai ƙarasa ba, don na juyo na dube shi.

Manomin nan ne ya shiga ruwa ya kwance ɗankwalin, shi da Yaya suka ɗago Inna. Jikinta zafi rau, leɓenta ya bushe, zanenta ya jiƙe. Ya ruga gonarsa ya kawo baron da yake ɗibar gyaɗa, matarsa ta zuba ciyawa a ciki ta shimfiɗa zaninta. Kirista ne, ɗan ƙabilar Gude, ba mu taɓa ganinsa ba. Shi ya tura baron nan hawa da gangara har gidansa, 'yan'uwana suna karɓarsa jefi-jefi, kuma ko tura baro ba su iya ba, sau biyu suna neman kifar da ita.

Matarsa ta ba mu ɗakinta. Ta dama kunu, Inna ba ta iya haɗiya ba. Maganinta na hawan jini kuwa yana gida a kan taga, a cikin rikicin tayoyi na manta shi, wannan laifina ne ba na kowa ba. Kwana biyu ta yi. Ran na uku da hantsi ta kama yatsana da hannunta mai lafiya, ta yi wata magana da ko ni ban gane ba, ta cika.

Ni da wasu mata biyu 'yan gudu irinmu muka yi mata wanka. Babu likkafani. Ɗanta mai shagon atamfa, yadi biyar na farin ƙyalle ya gagare shi, sai mayafin wata baiwar Allah muka haɗa da farar rigar Hamma. Manomin ya nuna gefen gonarsa ƙarƙashin wata tsamiya, ya tambayi Hamma ina ne gabas ɗinku, ya kama haƙa. Maza bakwai suka sallace ta.

Daga baya mun ji a-kori-kurar maƙwabcinmu ta fita lafiya, kafin magariba suna wurin da ke da asibiti. Ban ce da Inna ta shiga da tana raye ba, rai na Allah ne, na sani, an kuma gaya mini sau ɗari. Amma da ta tafi a kwance a inuwa, da ba ta yini a rana a ɗaure kamar akuya ba. Duk wanda ya ce mini ƙaddara ce ina amsa masa da haka ne, sannan in tashi daga wurin.

Mun tsallaka Kamaru, muka zagaya Yola, sai bayan wata da watanni muka dawo. An fasa gidan an kwashe abin da za a kwashe. Shagon Hamma ya ƙone da atamfofi da tayoyi duka. Motar Yaya da muka bari a mayo ba a ga ko ƙusarta ba. Ta Hamma kuwa tana nan daram a kan bulo, ba wanda ya iya ɗauka. Muna tsaye a tsakar gida, ƙofar ɗakin Inna a buɗe, katifarta tana nan inda na sake ta. Hamma ya shafa bonet ɗin ya juya wurin Yaya.

"Ka ga amfanin cire taya. Da na bar su a jiki da yanzu ba ta."

Yaya ya buɗe baki zai ba shi amsa. Ban tsaya na ji ba. Na shiga na naɗe katifar, na ɗora a ka, na fita. A ranar na kama ɗaki a wata unguwa, ban ƙara kwana a gidan ba. Muna gaisawa, ina zuwa suna da biki, 'ya'yansu 'ya'yana ne. Sun ce na cika riƙo, kuma ban musa ba.

Kowace shekara in ruwa ya ɗauke nakan je Duvu. Abin hawa yana ajiye ni a bakin mayo, in tuɓe takalmi in tsallaka, in ƙarasa da ƙafa. Manomin ya tsufa yanzu. Yana noma gonarsa har gindin tsamiya, amma ya bar wurin Inna, ya kewaye shi da duwatsu, yana cire ciyawar da hannu don kada fartanya ta taɓa. Na yi ta ba shi abin hasafi yana ƙi, sai sabulu da gishiri matarsa take karɓa.

A zuwana na uku, bayan na gama addu'a, ya raka ni har bakin gona. Ya yi ta jan magana, sannan ya tambaya.

"Malama, yaran Mama maza guda biyu ɗin nan, suna lafiya? Ban gan su ba tun ranar."

Na ce lafiyarsu ƙalau. Na ji kunya ta kama ni a madadinsu, sai na ƙara da cewa hanyar ce ba kyau.

Ya dubi ƙafafuna, laka har idon sawu. Ya kira matarsa ya ce ta kawo mini ruwa in wanke.